Gurbin da Babu a Takarda

A Rize ruwan sama ba ya sallama,
tun asuba yake ƙwanƙwasa tagar ɗaki na huɗu.
Na jawo kujera, na danna biro.
Tambaya goma sha biyu a kan cinyata,
kowace da gurbi biyar a gabanta,
a jere kamar haƙoran yaro, babu giɓi.

Gulizar na zaune a karkace,
ɓarin hagu na ɗauke da nauyin dama.
Shekara sittin da takwas,
hamsin daga ciki a gangaren gonar shayi,
buhu a baya, almakashi a hannu.
Hoton ƙashinta na manne da fitila:
guringuntsi ya cinye,
kwatangwalo ya koma turmi da taɓarya
suna ta daka, babu ko tsaba.

Na ce, kina iya sa safa da kanki?
Ta ce, jikata Melike ke sa mini,
ranar da ta makara, ƙafata ta yini a sanyi.
Na zagaye gurbi.

Matakala fa?
Ta yi dariya har ta dafe ƙugu.
'Yar nan, ƙauyenmu ai duk matakala ne.
Daga titi zuwa ƙofata hawa ɗari da sha tara.
Da, da buhu nake hawa ina gulma.
Yanzu sau shida nake tsayawa,
har duwatsun sun gaji da ganina.
Takarda ta ce: da sauƙi, da ƙyar, ko sam.
Na zaɓi da ƙyar.

Minti nawa kike tafiya kafin ciwo ya tsananta?
Ba ta ɗaura agogo.
Ta ce, layi uku.
Layin shayi take nufi,
ita da ke gama sha huɗu kafin azahar.
Na mayar da layinta minti,
na kuma san na tauye mata mudu.

Da dare fa?
Ta daɗe tana kallon ruwan.
Tun da Rifat ya rasu gadon ya yi faɗi, in ji ta,
ga fili, ga babu halin juyi.

Na haɗa lissafi a ƙasan shafi:
sha huɗu cikin arba'in da takwas.
Likita Aydemir zai duba, ya gyaɗa kai,
ya sa sunanta a jerin Talata.

Zan rufe fayil ta kama hannun rigata.
Ba ki tambayi goshina ba.
Shekara biyu rabonsa da ƙasa.
A kujerar roba nake salla,
ina sunkuyo kamar mai leƙen rijiya.

Na juya takardar gaba da baya.
Akwai shiga mota, akwai wanka, akwai cefane,
babu goshi.
Na rubuta shi a gefe da ƙananan baƙaƙe,
inda na'ura ba ta karantawa.

Talata aka yanke kan ƙashin da ya gaji,
aka dasa ƙarfe da tangaran.
Laraba ta miƙe tana zagin sandunan.

Wata shida, ga ta kuma, ruwa na ɗiga daga mayafinta,
ƙunshin shayi a hammata, na tsinkar fari.
Safa? Da kaina.
Matakala? Tsayawa ɗaya, shi ma don in gaida maƙwabciya.
Arba'in da ɗaya.
Lambar ta yi kyau, har na ja mata layi a ƙasa.

Sai na nuna mata rubutun gefe.
Ta buɗe tafinta, babban yatsa zuwa na tsakiya,
ta auna iska tsakanina da ita.
Likita ya ce kada in yi gaggawa.
Saura taƙi guda tsakanina da darduma.
Rubuta, ta ce.
Taƙi guda. Kada ki mayar mini da shi minti.